Maficin Atamfa a Kafanchan: Sana'ar da Biki ke Riƙe da Ita

Mafici tsohon abu ne a arewacin Najeriya. Akwai na kaba, wanda mata ke fifita wuta da shi, masu tsire ma ba sa rabuwa da shi. Akwai na fata da dukawa ke yi. Akwai na gashin jimina da ake yi wa sarakuna fifita. Na atamfa shi ne ɗan autansu, kuma wanda ya dube shi da kyau a Kafanchan da kewayenta zai ga cewa ba zafi ne ke sayar da shi ba, biki ne.

Aikinsa ba shi da wuya. Ana yanke kwali mai kauri, a shafa gam, a lulluɓe shi da atamfa ciki da baya, a bi bakinsa da ɗinki, sannan a sa mariƙi. Akwai kuma mai naɗewa, irin wanda aka san Gana da shi: a ƙarfafa yadin, a yi masa ƙananan ninki da dutsen guga, a kafa shi tsakanin mariƙai biyu yadda in an buɗe zai zama da'ira. Wannan ya fi cin lokaci, domin ninki ɗaya in ya karkace, maficin ba zai rufu daidai ba. Jarin kuwa ƙyallayen da suka rage a shagon tela ne, shi ya sa sana'ar ta fi dacewa da teloli mata da 'yan koyonsu.

Tarihin garin ya taimaka. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da Jos a nan cikin 1927, Kafanchan ta zama mahaɗar Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Hausawa, Ibo da Yarabawa. Al'adar anko, wadda Yarabawa suka fi kowa riƙo da ita, ta samu gindin zama. Matan Zumuntar Mata na cocin ECWA da takwarorinsu na Katolika suna da atamfarsu ta ƙungiya, ƙawayen amarya kuma kowace na son abin hannunta ya dace da ɗinkinta. Mai mafici a nan ta fi kamfani, tunda daga ragowar yadin ankon kansa take yi.

Kalandar ciniki ita ce babbar hujja. Zafi ya fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Amma lokacin da 'yan yankin ke dawowa gida daga Abuja, Kaduna da Jos don Kirsimeti da aurarraki shi ne Disamba, tsakiyar hunturu, kuma bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ake yin sa. Wa ke neman iska a lokacin da leɓe ke tsagewa? Ado ake saye, da abin da za a raba wa baƙi. Bikin Tuk Ham na Kwoi, da ke zuwa wajajen Ista, shi ne ya haɗa zafi da taro wuri ɗaya.

Abin takaici, yadin kansa ba na gida ba ne yanzu. Masaƙar KTL ta Kakuri, da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Yawancin atamfar da ake samu da araha daga Sin take zuwa, ta bi ta kasuwanni irin Kantin Kwari na Kano. Daga Sin ɗin kuma 'yar fanka mai caji take fitowa, wadda ta fi kowane mafici sanyaya jiki. Na kaba kuwa ya fi araha.

A ganina, inda sana'ar ta fi rauni shi ne ƙarko. Kudancin Kaduna na samun ruwa fiye da Kano da Katsina nesa ba kusa ba, damina kan kai Oktoba, kuma kwali da gam ba sa jure laima: maficin kan lanƙwashe, atamfar ta ɓare. Mai yi da ɗinki da mariƙin gora ko fata kan kauce wa wannan, sai dai farashinta zai tashi, ga kuɗin mota da ya ƙaru tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Mai odar mafitan rabo kuwa, na yini ɗaya take nema, kuma da wuya ta yarda ta biya bambancin.