Yadda mace za ta zaɓi ɗinkin da ya dace da ƙirar jikinta

Duk lokacin da sallah ko biki ya ƙarato, shagunan teloli a Keffi kan cika da mata, har da masu zuwa daga garuruwa irin su Agwada, kowacce riƙe da turmin atamfa da hoton ɗinki a waya. Sau da yawa kayan kan fito ba kamar na hoton ba, a ɗora wa tela laifi, alhali ƙirar mai kayan ce ta bambanta da ta wadda ke cikin hoton.

Masana sutura na auna wurare uku: ƙirji, ƙugu da kwatangwalo. Wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka a kan mata fiye da 6,000 ya nuna cewa kusan kashi 46 cikin 100 ƙirarsu miƙaƙƙiya ce, wato awon ukun ba su da tazara sosai. Kashi 8 kacal ne ke da siririn ƙugu tare da daidaiton sama da ƙasa, ita ce kuwa ƙirar da aka fi tallata kaya da ita.

Mai miƙaƙƙiyar ƙira, riga da siket mai tattara a ƙugu kan fito da ita. Wadda kwatangwalonta ya fi kafaɗunta faɗi, gara a kai adon sama, a wuya da hannu, a bar siket ɗin ya sauka ba tare da matsewa ba. Mai faɗin kafaɗa kuwa ta guji hannu mai kumburi.

Mai teɓa ce aka fi cuta da ɗinkin yayi. Doguwar riga mai siffar harafin A, wadda Christian Dior na Faransa ya yi wa suna a 1955, ta fi dacewa da ita, domin tana kama ƙirji ta buɗe a hankali zuwa ƙasa. Bubu ma yana rufa asiri, amma idan mace gajera ce kuma aka cika masa faɗi, sai ya haɗiye ta.

Yadin kansa yana da nasa hukunci. Shadda tana da tauri, tana tsayawa nesa da jiki, don haka tana ƙara cika ido. Ta fi karɓar siririya. Leshi mai nauyin duwatsu shi ma yana ƙara jiki. Atamfa mai manyan furanni kan danne gajeriyar mace, ƙananan zane ko ratsin da ya bi tsaye kan sa ta yi kamar ta ƙara tsawo. A tuna kuma turmi yadi 6 ne: idan mai jiki ta nace sai riga da zane da ɗankwali da hannu mai tattara, wani wuri ne zai matse.

Ya kamata a sake awo kafin kowane sabon ɗinki, musamman bayan haihuwa, maimakon tela ya dogara da tsohon awon da ke littafinsa.