Tufafin Hoto a Sukukutane, Jiya da Yau

A Sukukutane, cikin ƙasar Arewa, hoton iyali ba abin kullum ba ne a zamanin iyayenmu. Sai an je Dogondutsi, ko mai hoto ya biyo kasuwa, ko kuma ranar Salla. Shi ya sa ake buɗe akwati a zaɓo tufafi tun daren jajibere.

Hoton wancan lokaci fari da baƙi ne, launi ba ya fita, don haka aikin zare da tsarin zane ake dubawa. Mahaifina babbar riga mai aska biyu yake sakawa, ya naɗa rawani. Innata kuwa ta ɗaura zanen saƙi da ya sha baba a marina, ta ƙawata kanta da murjani. Wanda bai da riga ya aro ta wansa. A Bamako ma, mai hoto Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ara wa masu zuwa agogo ko rediyo su riƙe.

Da hoto mai launi ya zo, atamfa ta samu shiga, ta masaƙar Sonitextil a Yamai da wadda ƴan ci-rani ke kawowa daga Najeriya. Karyewar darajar sefa a 1994 ta sa shaddar waje ta yi tsada, gidaje da dama suka koma yadi mai sauƙi.

Yau waya ke ɗauka, amma ƙannena mata ba su yarda a tsaya sai kowa ya saka anko, kuma tela ne ke shan matsi.