Sunan Mai Wurno a Bakin Kogin Nilu

Turawan Ingila da yawa suna amsa sunan garin kakanninsu, kamar su York da Lincoln. Mu ma haka muke yi, ko cikin Littafi Mai Tsarki ga Yusufu mutumin Arimatiya. Amma ba kasafai gari yakan ba mutum suna, mutumin kuma ya ba wani gari ba.

Wurno tana kusa da Sakkwato, a can aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, sai ɗansa, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka nufi gabas. Suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, zango ya zama gari, ya ci sunansa har yau.

Mutanenmu sun sha wahalar noman audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sennar a 1925. Duk da haka waɗansu suna kiransu Fallata da nufin baƙi, abin da ban ga dacewarsa ba bayan shekara ɗari. A 2022 gardamar ƙasa da sarauta ta zama faɗa a jihar Shuɗin Nilu, ɗaruruwa suka mutu.