Daga Inna zuwa gashin ƙashi: jinyar shanyewar jiki a ƙasar Tambuwal

A da, a ƙasar Tambuwal da Kebbe, idan dattijo ya wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ba mai kawo zancen ƙwaƙwalwa. Cewa ake ya gamu da iska. In kuwa yaro ne zazzaɓi ya kwantar, ya tashi ƙafa ta motse, sunan cutar ma ya riga ya yanke hukunci: shan inna, wato Inna ta 'yan bori ce ta shanye ƙafar.

Ko wa aka ɗora wa laifin, aikin dai na mutanen gida ne. Da hantsi a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a kawo ruwan zafi a ƙwarya da tsumma. A gasa kafaɗa, a gasa gwiwa, sannan uwargida ko babbar ɗiya ta lakato man shanu ko man kaɗe ta shiga tausa tun daga wuyan hannu, tana buɗe yatsun da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin, "Sannu Baba, ɗan matse hannuna in ji." Wanzami ya zo da ƙaho, malam ya aiko da rubutu. In Allah ya sa an fara miƙewa, sai a kafa gora biyu a tsakar gida, ko a miƙa masa taɓarya ya dogara.

Tambuwal gari ne na malamai. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu, a nan ya zauna, kuma Gwandu ba ta da nisa. Malaman jihadi ba su raina sha'anin jiki ba: Abdullahin Gwandu ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani. Amma littafin da ya fi shafar mai shanyewar jiki shi ne ƙaramin nan na makarantar zaure, Ahalari, na wani malamin Aljeriya na ƙarni na 16. A cikinsa aka jera yadda mara lafiya zai yi salla: a tsaye in zai iya, in ba haka ba ya jingina, in ya kasa ya zauna, in zaman ma ya gagara ya kwanta ya yi nuni. Ga kuma natsuwa, wadda farilla ce: kowace gaɓa ta tsaya cik kafin a wuce gaba. Ibada ce, ba motsa jiki aka nufa ba. Duk da haka, mutumin da sau biyar a yini yake auna abin da bayansa da gwiwarsa za su iya ɗauka ya san jikinsa fiye da wanda aka kwantar a ɗaki ana jira.

Gashi irin na asibiti ya iso Nijeriya a 1945, ta hannun Turawa biyu a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, Kano ta samu makarantarta a Dala a ƙarshen shekarun 1980. Bahaushe bai wahalar da kansa neman sabon suna ba, ya ce masa gashin ƙashi, ko da yake galibi jijiya ake wa aiki. Ta hanyarsa ake jin cewa hawan jini ne kan fasa ko ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma gyara biyu ya kawo wa tsohuwar al'ada. Ruwa mai zafi sosai yana ƙona fatar da ba ta ji, fizgar hannun da ya saki kuma yana goce kafaɗa. Babban bambancin kuwa shi ne wanda ke motsin: a da yi wa majinyaci ake, yanzu so ake ya yi da kansa, ko da ɗaga yatsa ne sau goma.

Shan inna ta ja da baya. An sha gardamar riga-kafi a 2003, daga baya sarakuna suka shigo ciki ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Shanyewar ɓarin jiki kuwa tana nan daram.

A Indiya da Turai, wasu masu irin wannan lalura na yin yoga mai sauƙi a kan kujera: miƙa a hankali, lura da numfashi, sauraron inda ke ciwo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa yoga ranar 21 ga Yuni tun 2014, sai dai sunan bai yi kasuwa a nan ba, wasu ma na ɗari-ɗari da asalinsa. Shi kansa gashin asibiti yana da tasa matsalar: mutumin Kuchi ko Dogon Daji da ke bin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi rage zuwa. Shi ya sa ma'aikacin gashi kan kira ɗan rakiya gefe ya nuna masa yadda ake tallafar gwiwar hannu, a koma gida a ci gaba a kan tabarma, da man kaɗe a gefe.