Tarihin Taƙaddama a kan Harafin da ke Bin Kalmar "Different" a Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Malaman Ingilishi sun daɗe suna koyar da cewa harafin "from" kaɗai ya dace ya biyo bayan sifar nan "different", wato "dabam". Wannan maƙala za ta bi sawun wannan ƙa'ida domin nuna cewa amfanin masu harshe ya girme ta nesa ba kusa ba.

2.0 Asalin Sigogin Uku

Tun ƙarni na 16 ake samun "different to" da "different from" a rubuce. Shakespeare ya yi amfani da ta biyun a wasansa The Comedy of Errors. Ita kuwa "different than" ta bayyana a tsakiyar ƙarni na 17, kuma fitattun marubuta irin su Addison da Defoe da Coleridge sun yi aiki da ita.

3.0 Shigowar Masu Gindaya Ƙa'ida

Sai a ƙarni na 18 aka fara tsangwama. A shekarar 1770 Robert Baker ya soki "different to", wasu suka bi sahunsa. Hujjarsu ita ce, tun da aikatau "differ" yana ɗaukar "from", wajibi ne sifar da suka yi tushe ɗaya ta bi shi. Game da "than" kuma, suka ce muhallinta bayan sifar fifiko ne kawai.

A 1926 H. W. Fowler ya rushe hujjar farko, inda ya kira ta camfi. Ya nuna cewa Ingilishi bai tilasta wa kalma ta gaji harafin 'yar'uwarta ba, domin ana cewa "accord with", amma kuma "according to".

4.0 Kammalawa

A yau "different from" ta fi yaɗuwa ko'ina, saboda haka ita ce mafi aminci ga ɗalibi. Ana yawan jin "to" a Ingila, "than" kuwa a Amurka, musamman idan ganga ce ta biyo baya. Ke nan ƙa'idar zaɓi ce ta wasu masana, ba dokar harshen ba. Wannan abin lura ne ga masu aikin daidaita harsunan Nijeriya: kafin a kira wata siga kuskure, a bincika ko karin harshen wasu ce.