Cek maras kuɗi

Cek maras kuɗi shi ne cek ɗin da banki ya ƙi biya saboda abin da ke cikin asusun wanda ya rubuta shi bai kai adadin da ke jikin takardar ba. Idan haka ta faru, bankin yakan mayar da shi zuwa bankin wanda aka bai wa, shi ya sa ake cewa cek ɗin ya dawo. Dawowar cek ba ta soke bashi. Nauyin biya yana nan a wuyan wanda ya rubuta, kuma yana iya fuskantar tara, da ɓacin suna a bankuna, wani lokaci har da gurfana a kotu.

Yadda abin yake faruwa

Wanda aka bai wa cek yakan kai shi bankinsa, bankin kuma ya nemi kuɗin daga bankin mai cek ɗin. Wani lokaci bankin farko yakan zuba kuɗin a asusun mai karɓa tun kafin amsa ta zo. Idan cek ya dawo, sai ya janye abin da ya zuba, ko da mutumin ya riga ya kashe wani ɓangare. Mai karɓa yana iya sake gabatar da cek ɗin bayan wasu kwanaki, ko ya nemi a biya shi ta wata hanya. Haka nan banki yana iya biyan cek ɗin duk da gibin da ke asusun, sannan ya bi mai asusun bashin gibin tare da caji.

A Amurka

Bankunan Amurka suna yi wa irin wannan cek alamar NSF, ma'ana babu isasshen kuɗi. A da mutane kan rubuta cek da fatan albashi zai shigo kafin takardar ta isa banki. Dokar Check 21, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2004, ta ba bankuna damar aika hoton cek maimakon takardar kanta, don haka wannan tazara ta ragu ƙwarai.

Shekaru da yawa bankuna suna cajin tara a kan kowane cek da ya dawo, amma a 2022 wasu manya, kamar Bank of America da Wells Fargo, sun soke ta. Ɗan kasuwar da aka bai wa cek ɗin shi ma yana iya neman nasa caji. Idan banki ya rufe asusu ana bin mai shi kuɗi, yakan kai sunansa kamfanin ChexSystems, wanda ke ajiye bayanin shekara 5, kuma buɗe sabon asusu yakan yi wuya a wannan tsakani.

Kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya, mai karɓa yana iya neman har dala 25 a kan cek na farko da dala 35 a kan na bayansa. Idan ya aika takardar neman biya, kwana 30 suka wuce ba a biya ba, kotu tana iya ba shi diyya ninki uku, daga dala 100 zuwa dala 1,500. Abin ba ya zama laifi sai an nuna cewa mai cek ɗin ya san babu kuɗi, kuma ya yi nufin yaudara.

A Najeriya

Dokar Laifuffukan Cek Maras Kuɗi ta 1977 ta shafi duk wanda ya karɓi kaya ko bashi da cek, aka gabatar da shi cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa, banki ya ƙi biya saboda rashin kuɗi. Hukuncin mutum shi ne ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba, kamfani kuma tarar da ba ta gaza naira 5,000 ba. Wanda ake tuhuma yana kuɓuta idan ya gamsar da kotu cewa lokacin da ya rubuta cek ɗin yana da kyakkyawan dalilin zaton za a biya. Hukumar EFCC tana cikin masu shigar da irin waɗannan ƙararraki.

Babban Bankin Najeriya kuma ya umarci bankuna su kai rahoton masu yawan rubuta cek maras kuɗi. Wanda sunansa ya shiga wannan jeri ana soke ragowar takardun cek ɗinsa, kuma ana hana shi bashin banki na shekara 5.

A wasu ƙasashe

A Indiya, sashe na 138 na dokar takardun kuɗi ta 1881 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai ninki biyu na kuɗin, idan mai cek bai biya cikin kwana 15 da samun takardar neman biya ba. A Faransa ana hana mutum rubuta cek har shekara 5, sai dai idan ya biya abin da ake binsa kafin wa'adin ya cika.