Waiwaye Adon Tafiya: Da Wa Aka Yi Shawara Lokacin da Aka Yanka Sabo?

Duk wanda ya biyo ta gadar sama ta Mokola ya leƙo unguwarmu, abin da zai gani shi ne rufin kwano ya haɗe da juna, lunguna kuwa wasu ko baro ba ya shiga. Mu da aka haifa a nan mun saba, har muna ɗauka haka Allah ya yi wurin. Alhali kuwa mutane ne suka zauna suka yanka shi. Yana da kyau mu san su wa suka zauna, kuma su wa aka bari a waje.

Kafin a yi Sabo, kakanninmu a cikin garin Badun suke zaune, a gidajen Yarbawa, musamman wajen Oja'ba. Fatake ne: su kawo shanu, su koma da goro. Da layin dogo ya iso Badun a 1901, daga baya ya kai Kano, sai baƙi suka ƙaru. Aka fara ƙorafin cewa ɓarayi na fakewa a cikinsu, ba a san wanda za a kama da alhakinsu ba. Shi ne a 1916 Turawan mulki da sarakunan gari suka ware wannan fili a bayan gari, aka tattara Hausawa a ƙarƙashin Sarkin Hausawa.

To, a lura da manufar. Ba an yanka Sabo don a yi garin da za a haifi 'ya'ya da jikoki ba ne. An yanka shi ne don a san inda baƙo yake kwana. A idon masu yankan, Bahaushe namiji ne mai buzu da sanda, yau yana nan, gobe ya wuce. Shi ya sa abin da ya fara tsayuwa shi ne masauki, masallaci da kara. Filin wasan yara, wurin shanya, hanyar da ruwan wanke-wanke zai bi, duk ba su shiga lissafi ba, domin masu buƙatarsu ba su wurin.

Amma wa ya mai da zango gari? Mata ne. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A lokacin mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu. Ya rubuta yadda masu gidaje ke sauke dillalan shanu da na goro, ya kuma rubuta abin da mu muka gani da idonmu muna yara: matan aure suna cikin kulle, amma kasuwa ce sukutum a bayan kowane zaure. Tuwo, fura, ƙosai, waina, duk daga cikin gida suke fitowa a kan 'yan talla, su ne abincin baƙi da gwauraye. Ribar kuma a zuba ta a kwanuka da samiru, a jera su har rufin ɗaki, ranar auren 'ya a fito da su. Wannan shi ne bankin iyayenmu mata.

Ke nan gidan da aka gina don kwana ya zama masana'anta. Murhu uku, tukwane manya, itace, ruwa garwa-garwa, duk a tsakar gidan da ake ta yanka ɗakunan haya a cikinsa har ya koma kamar tabarma. An gina madatsar ruwa ta Eleyele tun 1942, ta Asejire kuma a 1972, amma a tambayi duk wata tsohuwa a lungunmu shekara nawa ta yi tana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Hayaƙin ita ta shaƙa. Kwatar da ta toshe, a ƙofar kicin ɗinta take kwanciya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin ba a taɓa kiranta taro ba.

Mu dubi maƙwabtanmu. A sarautar Badun akwai Iyalode, shugabar mata, tana da kujera a majalisar Olubadan. Tun ƙarni na 19 ake jin sunan Efunsetan Aniwura, attajirar da ta riƙe wannan sarauta. Kowace kasuwa kuma da Iyaloja ɗinta. In za a taɓa rumfa, sai an ji ta bakin matan Yarbawa, ko ana so ko ba a so. Mu kuwa wakilanmu a gaban hukuma maza ne zalla: sarki, masu unguwa, shugabannin kara da na 'yan canji. Ba mu ce ba su yi ƙoƙari ba. Sai dai mutum abin da ya sani shi yake roƙa.

Ga misali daga cikinmu, kuma har da mu a laifin. Shekarun baya aka samu tallafin rijiyar burtsatse. Muka zauna mu maza bayan la'asar, muka ce a haƙa ta a ƙofar masallaci saboda alwala. Aka haƙa, muka yi addu'a, muka watse. Sai daga baya muka gane matan aure ba za su zo su tsaya a inda maza ke majalisa ba. 'Yan mata ƙanana ake turowa, su yi layi a tsakiyar samari, wasu har makarantar safe ta wuce su. Da mun aika an tambayi cikin gida, da an ja famfo ɗaya zuwa bayan layi, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Haka ma batun ambaliya. Dattawa ba su manta ruwan Ogunpa na 1980 ba, mu ma mun ga na watan Agustan 2011 da ya ci rayuka sama da ɗari a Badun. Tun daga nan ake ta aikin magudanai a gari. Amma babbar kwalbati ba ta da amfani in ƙananan kwatocin lungu sun cika da leda. Wa ya san inda ruwa ke fara taruwa, da inda shara ke tsayawa? Wadda take sharewa kullum.

Akwai kuma wasu da kalmar "Hausawa" ta lulluɓe. A wajen mutanen gari duk ɗaya muke, amma a cikinmu akwai Fulani, Barebari, Nufawa, Zabarmawa, Buzaye, da 'ya'yan da iyayensu mata Yarbawa ne. Akwai makafi da guragu da ke kwana a gefen titi, waɗanda tsallaka hanyar Mokola kaɗai jarrabawa ce a gare su. Akwai zawarawa da ke riƙe da marayu a ɗaki ɗaya na haya. Lokacin da rikicin kasuwar Shasha ya faru a watan Fabrairun 2021, 'yan kasuwa da yawa suka koma Akinyele. A irin wannan rana mai rumfa ake fara ƙirgawa. Mai tuwon da ke ciyar da 'yan dako, wadda jarinta tukunya ce da benci, da wuya sunanta ya hau takarda, ga shi kuwa ita ma abincinta ya tashi.

Wani zai ce, Malam, so kake a fito da mata taro? Ba sai an kai nan ba. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, Manzon Allah (SAW) ya bi, aka samu mafita. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure, muna da malamansu mata, muna da uwayen adashe da unguwar zoma da suka san kowane gida. Hanya a buɗe take.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Duk kwamitin da zai yi maganar rijiya, kwata, rumfa ko fili, kada ya sa hannu a takarda sai an kai maganar makarantun mata an dawo da amsa a rubuce. A sa dattijuwa biyu da wakilin naƙasassu a cikinsa. In za a rubuta sunayen masu sana'a, a shiga da mace ta rubuto na cikin gida.

A 1916 wasu ne suka yanka mana wuri ba su tambaye mu ba, kuma har yau muna biyan kuɗin wannan. Kada mu ma mu yi wa iyalanmu irinsa. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan magabatanmu maza da mata. Amin.